Babi na Shida: Garken da Aka Tare a Bakin Iyaka

A watan Yunin 2019, a wurin baje kolin wasannin bidiyo na E3 da ake yi a birnin Los Angeles na Amurka, Junichi Masuda ya zauna gaban kyamara, tafinta a gefensa, ya yi wata sanarwa da har yau masoya Pokémon ba su gama taunawa ba. Masuda ba ƙaramin mutum ba ne a gidan. Shi ya tsara kiɗan wasan farko na 1996, daga baya kuma ya jagoranci wasanni da dama na kamfanin Game Freak. Abin da ya ce shi ne, sababbin wasanni biyu da ke tafe, Sword da Shield, ba za su karɓi kowace halitta ba. Wadda sunanta ke cikin kundin sabon yankin, wato Galar, za ta shiga. Wadda ba ta ciki, ko shekara nawa ta yi a hannun mai ita, sai ta tsaya a waje.

Wanda bai taɓa riƙe wasan ba zai ce, to sai me? Ai zane ne a cikin na'ura. Kafin mutum ya gane dalilin da ya sa magidanta masu 'ya'ya suka kwana suna huci a kan wannan magana, dole ya san abin da wasan ya shafe shekaru ashirin da uku yana koya musu.

Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiri Pokémon, an haife shi a 1965, ya tashi a Machida da ke gefen Tokyo a lokacin da wurin ke da sauran gonaki da kududdufai. Yaro ne mai farautar ƙwari, ya kama wannan ya ajiye, ya yi musayar wancan da abokai. Yana girma gine-gine suka cinye filayen. Da ya ga igiyar da ake jona Game Boy biyu da ita, sai ya hango ƙwaro yana bin igiyar daga wannan na'ura zuwa waccan. Kusan shekara shida ana fama kafin Red da Green su fito a Japan ran 27 ga Fabrairun 1996, da halittu 151. Kuma da gangan aka raba kaset ɗin biyu: akwai halittun da ba a samu sai a Red, akwai waɗanda sai a Green, akwai kuma irin su Kadabra da Haunter da ba sa rikiɗa zuwa matakinsu na ƙarshe sai an yi musayarsu. Ba yadda za a yi yaro ya cika kundinsa shi kaɗai a ɗaki. Dole ya fita ya nemi wani, su zauna gwiwa da gwiwa, igiya a tsakaninsu, kowa ya zuba wa ɗan allonsa ido yana kallon ƙwallon da ke ɗauke da dabbarsa tana ficewa.

Tun daga nan aka shuka abin. Halittar da ka kama kana iya raɗa mata suna. Tana ɗauke da sunanka da lambarka a matsayin mai ita na asali, ko ta bi hannu goma ba za a goge ba. Wadda ka kama ba daidai take da ta maƙwabcinka ba ko da jinsinsu ɗaya, domin kowace tana da ɓoyayyun lambobin ƙarfi nata na kanta. A wasannin da suka biyo baya aka ƙara mata hali, aka ƙara wurin da aka same ta, aka ƙara lambobin yabo da take ci a gasa. Kamfanin da kansa ne ya yi ta nanata wa yara cewa wannan ba kayan aiki ba ce, abokiyar tafiya ce.

An taɓa yanke zumuncin sau ɗaya. A 2002, da Ruby da Sapphire suka fito a kan Game Boy Advance, babu hanyar ɗauko halittun tsofaffin kaset. An ji zafi, amma an haƙura, domin na'urorin biyu ba sa jin yaren juna, kuma batirin da ke riƙe ajiyar tsofaffin kaset ɗin ma mutuwa yake yi da kansa. Daga wannan shekara kuwa sai kamfanin ya gina gada, ya yi ta tsawaita ta. Ga yadda tafiyar take ga wanda ya zaɓi Torchic, ɗan tsakon nan mai wuta, a farkon Ruby, ya raine shi har ya zama Blaziken. Da Diamond da Pearl suka zo a 2006, sai ya cusa tsohon kaset a ramin ƙasa na Nintendo DS, sabon kuma a na sama, ya tura halittu shida, ya shiga wani fili a cikin wasan ya sake kamo su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya jira gobe kafin a ba shi damar tura wasu shida. Da Black da White suka zo a 2010, sai ya nemo aron DS na biyu, domin ƙaurar ba ta yiwuwa da na'ura ɗaya, ya yi ta harbin halittunsa da ƙwallo suna tsalle a bayan ciyayi. Bayan X da Y na 2013 aka buɗe Pokémon Bank, rumbun ajiya a intanet mai ɗaukar halittu 3,000, a lokacin ana biyan kusan dala biyar a shekara. Kowace ƙaura kuma ba ta da komowa. In ka tura gaba, ka tura ke nan. Har takardar yabo wasan Omega Ruby da Alpha Sapphire na 2014 ke bai wa wanda ya nuna halittar da ya ɗauko tun daga Ruby ko Sapphire na asali.

To wannan mutumin, da ya yi duk wannan wahala shekara goma sha bakwai, shi aka gaya wa a 2019 cewa Blaziken ɗinsa ba ya cikin masu shiga. Ka ɗauka makiyayi ne ya koro garkensa tun daga nesa, ya san kowace saniya da sunanta da uwar da ta haife ta, ya biya jangali a kowace mahaɗa, ya iso bakin iyaka aka ce masa bakwai za su wuce, takwas su tsaya, kuma kuɗin turken da za a ɗaure su a kansa yake. Haushin da ya ji shi ne haushin da masoya Pokémon suka ji. Jinsunan halittun a lokacin sun kai 809, kundin Galar kuwa 400 ya ɗauka, a ciki har da sababbin da aka ƙirƙira.

Tunda yankin Galar daga Birtaniya aka kwaikwayo shi, kuma lokacin ana tsakiyar rikicin ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, sai masoya suka laƙaba wa lamarin Dexit. A Twitter aka yi ta kiran a dawo da cikakken kundi. Duk abin da kamfanin ya wallafa, ko hoton 'yar tsana ne, amsar da ke biyo baya ɗaya ce. Masuda ya fitar da saƙo a ƙarshen watan yana cewa ya ji koken jama'a, kuma rashin halitta a wannan wasa ba ya nufin ba za ta dawo a wani ba. Bai janye ba.

Hujjojin kamfanin biyu ne. Na farko, yawan halittun ya kai inda zana kowace da motsinta a kan sabuwar na'urar Switch ya zama jan aiki. Na biyu, daidaita ƙarfi a fagen gasa yana ƙara wuya duk lokacin da aka ƙara ɗari a kan na da. Hujja ta biyu tana da ƙafafu, kuma 'yan gasa da yawa sun yarda da ita. Ta farkon ce ta jawo masifa. Da wasan ya kusa fitowa, masu tone-tone suka buɗe cikinsa, suka jera siffofin halittun kusa da na zamanin tsohuwar na'urar 3DS, suka ce ga su nan kusan layi a kan layi, ina sabon aikin da aka ce? Sai zargin ƙarya ya bazu. Aka ɗauki hoton wata bishiya daga cikin wasan ana kwatanta ta da bishiyoyin Nintendo 64 na shekarun 1990. Wasu kuma suka taso da nasu gangamin na godiya ga Game Freak, suna tuna wa jama'a abin da wasan ya yi musu a ƙuruciya. Gida ya rabu biyu, kowane ɓangare yana ganin ɗayan ya ci amanar abin da suke so tare.

Ina tare da masu koke a kan asalin kokensu. Kamfanin da ya sayar da kayansa a Amurka da taken a kama su duka, ya kuma karɓi kuɗin ajiya shekara da shekaru, bai kyauta ba da ya sanar da irin wannan sauyi a gefen wata hira, bayan an gama nuna kayan daɗi. Amma ba na tare da waɗanda suka koma zagin ma'aikata da sunayensu, har da barazana. Mai zanen da aka ba wa'adi ya cika shi ba shi ne ya yanka wa'adin ba, kuma duk wanda ya aika masa da zagi ya zubar da hujjarsa da hannunsa.

Akwai wata tsohuwar gardama da ta riga wannan, kuma jijiyarsu ɗaya. Ita ce ta wane zubi ya fi. Akwai mutanen da suka tsaya a kan 151 na farko, suna cewa duk abin da ya biyo baya shirme ne. Sun fi ɗaga murya a 2010, lokacin da Black da White suka kawo sababbi 156, adadi mafi yawa da aka taɓa zubawa lokaci guda, suka kuma hana ɗan wasa ganin tsohuwar halitta ko ɗaya sai ya gama labarin. Aka yi ca a kan Vanillite, wai askirim ne aka yi wa ido, da Trubbish, wai ledar shara ce. Matasa suka mayar da martani da abin da ba a iya musantawa: a zubin farkon da kuke taƙama da shi, Grimer da Muk ba taɓo ba ne mai wari? Voltorb ba ƙwallo ba ce da aka zana wa gira? Exeggcute fa, da kamannin ƙwai shida a jere? Gaskiyar ita ce Ken Sugimori da abokan aikinsa tun farko suna ɗaukar abin da ke gabansu su hura masa rai, dabba ce, maganaɗisu ne, ko bola.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda hukuncin yake juyawa. Black da White da aka yi wa ruwan duwatsu, yau su ne a bakin mutane a matsayin wasan da ya fi labari mai ma'ana, saboda wani saurayi mai suna N da ya tambayi ko halal ne ma a kulle dabba a ƙwallo a sa ta faɗa. Wasan bai canza ba. Yaran da suka fara da shi suna 'yan shekara tara ne suka girma suka samu bakin magana. Haka aka yi da Ruby da Sapphire, haka aka yi da Diamond da Pearl. Idan mutum ya ce maka zubi kaza ya fi, tambaye shi shekarunsa a lokacin da ya fito. Sau da yawa amsar ba ta wuce tsakanin bakwai da goma sha biyu. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Yana nufin mutumin yana kare wani yanki na rayuwarsa ne, kuma shi ya sa hujja ba ta kashe gardamar.

Shi ya sa kuma ba a iya cewa a yanke halittun da ba kowa ke so ba. A watan Fabrairun 2020 aka yi zaɓen gwarzon shekara ta hanyar Google. Greninja, kwaɗon nan na X da Y, shi ya zo na ɗaya, Lucario na biyu, Mimikyu na uku, Charizard na huɗu. Pikachu, wanda fuskarsa ke jikin jiragen sama, bai shiga goman farko ba. Greninja ɗin da ya lashe zaɓen kuwa ba ya cikin Sword da Shield, kuma bai taɓa shiga ba. A farkon fitowar wasan Charmander na ciki, tunda matakinsa na ƙarshe, Charizard, shi zakaran yankin yake riƙe da shi, amma Bulbasaur da Squirtle, 'yan uwansa na ranar farko, sai daga baya aka buɗe musu ƙofa. Duk wanda ya zaɓi Bulbasaur a 1998 ya ji wannan a ransa.

Ko a fagen gasa, inda ake zaton lissafi ne kawai ke aiki, an ga misalin da masoya ba sa gajiya da ambato. A gasar duniya ta 2014 a birnin Washington, Se Jun Park na Koriya ta Kudu ya shigo da Pachirisu, wani ɗan kurege fari da ba wanda ke lissafawa da shi. Aikinsa ɗaya: ya jawo hankalin abokan gaba su yi ta dukansa, ya shanye, abokin faɗansa kuma ya samu sararin aiki. Ya tsaya gaban manyan dodanni bai faɗi ba, zauren ya kaure da ihu, Park ya ɗauki kofi. Da a ce wani ya zauna kafin wannan shekara zai rage kundi, Pachirisu na cikin na farkon da alƙalami zai bi ta kansu.

Wasu masoyan ba su tsaya jiran kamfani ba. Da suka ga wasan yana ta sauƙi, musamman bayan an mayar da rabon gogewa ga dukan tawaga ya zama dole a Sword da Shield, sai suka rungumi dokokin Nuzlocke da suka samo asali daga wani zanen barkwanci na Nick Franco a 2010. Halittar farko da ka ci karo da ita a kowane wuri ita kaɗai za ka kama, kuma wadda ta suma a faɗa ta mutu ke nan, ba a sake amfani da ita. Yawancinsu suna ƙara sharaɗin raɗa wa kowace suna, domin rashin ya yi ciwo. Mutanen da ke ƙirƙirar wa kansu makoki a cikin wasa don su ji nauyin abin da suke riƙe da shi, ba su ne za a gaya wa cewa Blaziken ɗaya daidai yake da wani ba.

Sai ranar 15 ga Nuwamban 2019 ta zo. Sword da Shield suka sayar da kwafi fiye da miliyan shida a makon farko, daga baya suka haura miliyan 26. Masu kare kamfanin suka ce kun gani, masu surutu 'yan tsiraru ne. Ban yarda wannan ya kashe magana ba. Mafi yawan masu saye yara ne da iyayensu, waɗanda ba su da tsohon garke balle a tare musu shi, kuma da yawa daga masu koken ma sun saya suna ƙorafi, domin ba su da wani gidan da za su koma. Ciniki yana nuna ƙarfin suna, ba ya nuna an yi daidai. Kamfanin da kansa ya ɗan sassauta: ƙarin da aka sayar a 2020, Isle of Armor da Crown Tundra, ya dawo da tsofaffi fiye da 200, har da Blaziken, kuma wanda bai sayi ƙarin ba yana iya shigo da nasa ta sabon rumbu, Pokémon Home.

Inda nake ganin cutar take shi ne kalanda. Pokémon ba wasa ba ne kaɗai. Kamfanoni uku ne suka mallake shi, Nintendo da Game Freak da Creatures, kuma fim ɗin talabijin, da katunan wasa, da 'yan tsana, da tufafi, duk suna jiran sababbin halittu su fito a ranar da aka sa. Duba jerin: Sun da Moon a 2016, Ultra Sun da Ultra Moon a 2017, Let's Go a 2018, Sword da Shield a 2019, ƙari biyu a 2020, sannan a 2022 kaɗai Legends: Arceus a Janairu, Scarlet da Violet a Nuwamba. A gidan Nintendo ɗin nan, masu yin Zelda sun ɗauki shekara shida tsakanin wasansu na 2017 da na 2023. Sauri ya haifi nawa. Scarlet da Violet sun fito hoto yana sarƙewa, mutanen da ke nesa suna tafiya a karkace, wani lokaci ɗan wasa ya zurma ta cikin ƙasa. Sun sayar da miliyan goma a kwana uku, kuma cikin makonni Nintendo ta fito ta ba da haƙuri, abin da ba kasafai take yi ba. Abin takaicin shi ne a ƙarƙashin wannan ɓarna akwai wasa mai kyau, mai labarin da ya taɓa zuciya, wanda wata shida na gyara za su iya fito da shi fes. A nan ɓangarorin biyu na 2019 suka fara jin juna, domin masu godiya ma sun ga abin da idonsu.

Da Palworld na kamfanin Pocketpair ya fito a Janairun 2024, ya sayar da miliyoyi cikin kwanaki, wasu masoya sun yi murna ba don sun fi son sa ba, sai don suna fatan kishiya za ta farkar da uwargida. Nintendo da The Pokémon Company, mai kula da harkokin Pokémon, suka maka Pocketpair a kotun Tokyo a watan Satumban shekarar kan haƙƙin ƙirƙira, gardamar ta sake rabuwa biyu.

Jinsunan halittun sun kai 1,025 bayan ƙarin Scarlet da Violet, kuma babu wasa ɗaya a kan Switch da ke ɗaukar su duka. Wuri ɗaya da za su iya taruwa shi ne Home, inda ba a faɗa, ba a yawo, sai dai a jera su a akwati a kalla, mai son ajiye fiye da talatin kuma ya biya. Ita ma gadar da ke kaiwa can tana rawa. A watan Maris na 2023 aka rufe kantin intanet na 3DS, don haka wanda bai sauke Pokémon Bank kafin lokacin ba ya rasa hanyar ɗauko tsofaffinsa. A Afrilun 2024 aka kashe sauran hidimomin intanet na na'urar, aka bar Bank yana aiki, tare da gargaɗin cewa shi ma ana iya rufe shi nan gaba. Tun daga lokacin masoya suke ta koya wa juna matakan ƙaurar, ana aron tsofaffin DS, ana goge bakin kaset ɗin da suka haura shekara ashirin, ana tura halittu shida-shida kafin a rufe hanya.